Zabuwar Mai Fenti

"Manga, sauko. Ko ka sauko da ƙafafunka, ko in ja tsanin nan ka sauko da ka."

Ya leƙo ni daga can sama, gwangwanin fenti a hagu, burushi a dama. Tsanin dogo ne, an jingina shi da sabon allon da aka kafa a bakin tashar Alhaji Hammanjoda, wadda za a buɗe washegari. Ni kuwa tiren masata na dire a ƙasa, na kama ƙafar tsanin da hannu biyu.

"Goggo Kadijatu, lafiya? Aiki nake yi."

"Na ga aikin. Ina zabuwar?"

"Wace zabuwa kuma?"

"Wadda ka shafe yanzu ina kallonka. Ga fentin nan ko bushewa bai yi ba."

Direbobi da 'yan kamasho da ke wanke sababbin motoci suka ajiye bokitai suka matso. Wani ya ce a bar tsohuwa ta yi, yau akwai kallo. Ban kula shi ba. Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana ba zan san nawa ba ne. Amma ba a yi wa idona wayo. A kusurwar allon nan ta ƙasa, hannun dama, akwai 'yar baƙar zabuwa mai ɗigo-ɗigon fari, girmanta bai kai tafin hannu ba. A gabana aka zana ta. Yanzu sai shuɗin fenti a wurin, Manga har ya fara jera wasu haruffa a kai.

"Me yake rubutawa?" na tambayi Abbo direba, wanda ke tsaye kusa da ni.

Abbo ya kare ido da hannu. "Sunansa ne, Goggo. Da sunan kamfaninsa."

Na girgiza tsanin sau ɗaya, don dai ya san ba wasa na zo yi ba. Fenti ya fantsamo masa a wando.

Bari in faɗi wanda ke da zabuwar. Tobias ne, mai rubutun allo, Bamumuye, wato ɗan ƙabilar Mumuye, maƙwabcina a unguwar Turaki. Shekara goma sha ɗaya muna lungu ɗaya, ƙofarsa na kallon katangata, kuma shekara goma sha ɗayan nan faɗa muka yi ta yi, duk a kan katangar. Mutumin nan ba ya taɓa sa burushi a allon mutane sai ya fara gwada rubutun a jikin katangar gidana. Wai siminti ne mai laushi, wai rana na bugunta daidai da hantsi. In na yi mata farar ƙasa da salla, kafin wata ya mutu ta koma kamar zanen atamfa: ja, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa. Na kai shi gaban mai unguwa sau biyu. Na taɓa watsa masa ruwan wankin tanda. Sai ya goge fuska ya yi dariya.

"Goggo, kai ba ka gane ba. Katangarka ta fi ta kowa ilimi a Turaki."

Haka yake ce min, kai. Na gaji da gaya masa ni mace ce, na bar shi.

"To ka yi min allona na masa, ladan katangata."

"Zan yi. Sai na samo harafin da zai iya ɗaukar bakinka."

Kullum amsar ke nan.

Zabuwar kuwa alamarsa ce. Sauran masu rubutun allo suna sa sunansu a ƙasa, shi ya ce rabin mutanen da ke kallon aikinsa irina ne, ba su karatu, don haka ya zaɓi abin da kowa zai gane. Da aka yanke mana jiha, Jalingo ta zama babban birni, kowa ya tashi yana son allo. Mai kemis, tela, mai hoto, mai gyaran rediyo, har mai wankin hula. In ka bi daga kasuwa zuwa unguwar Kachalla Sembe kana duba kusurwar alluna, sai ka ƙirga zabbi fiye da na gidan mai kiwo. Ni da zabbin nan nake gane hanya. In na aiki mutum sai in ce ya wuce zabuwa uku ya karya hagu.

Shekara biyu da samun jiha Alhaji Hammanjoda ya ce zai kafa kamfanin motocin haya, da tasharsa ta kansa. Ya ba Manga kwangilar komai, gini da fenti da alluna, shi ya tafi Legas sayen motoci, ya yi wata uku a can. Manga ɗan kwangila ne mai baki, ya iya ɗaga waya ya iya sa babbar riga, amma rubutu ba nasa ba ne. Da ƙafarsa ya zo lungunmu ya zauna a bencin Tobias, ya ce yana son suna wanda in an gan shi daga nesa za a san mota ce ta manya.

Ban taɓa ganin Tobias cikin zumuɗi irin na lokacin ba. Ya ce duk haruffan da yake da su na aikin yau da kullum ne, wannan sai an haifa masa sabo. Ya fara tun kafin ruwan farko. Ya zana, ya ja da baya har ya kusa faɗawa kwata, ya dawo ya ƙara. Wata rana ina suya ya kira ni.

"Goggo, zo ka gani. Ta fito."

Na je da niyyar zagi, sai na tsaya. Haruffa ne dogaye, masu siririn wuya da faffaɗar kafaɗa. Wani wurin kauri kamar cinyar bijimi, nan take ya sirance kamar zaren ɗinki, ƙarshensa ya lanƙwasa sama kamar ƙahon farar saniya. Ban san me suke cewa ba, amma na ga suna tafiya, irin tafiyar macen da ta san ana kallonta.

"Sunanta Amarya," in ji shi.

"Allah ya sa ta fi mai ita hankali," na ce, na koma gaban tandata. Amma ranar sau huɗu na leƙa.

A lokacin ne tarin ya kama shi. Da ma yana tari, shekara talatin yana shaƙar fenti da kananzir, amma wannan daban ne. Ya fara ramewa. Duk da haka ya yanka kowane harafi a kwali, ya sa aka kawo babban allon lungunmu aka ɗora a kan duro biyu, ya rubuta sunan Alhaji da hannunsa cikin kwana shida, ya sa zabuwarsa. Saura ƙananan rubutu na sunayen garuruwa, da jikin motocin in sun iso. Nan jikin ya ƙi. Aka kai shi asibiti, ya yi sati uku, suka ce wa matarsa Lydia ta mai da shi gida ya huta. Duk mun san abin da ake nufi.

Sai ga Manga da lemo a leda, wai ya zo dubiya. Ya ce wa Lydia ta ba shi kwalayen ya ƙarasa wa ɗan'uwansa aiki, kada a ji kunya. Ta kwaso ta ba shi har da godiya. Aka ɗauke allon, aka kafa shi, aka lulluɓe da tamfol. Ranar da nake ba da labari ita ce ranar da aka fara yaye tamfol ɗin, don Alhaji ya dawo jiyanta, zai zo ya gani da hantsi.

Ina riƙe da tsanin motarsa ta shigo.

Hammanjoda ya fito da farar shadda, yana baza turare. Ni na san shi tun yana yaron mota, yana cin masata a tsaye da mai a gwiwar hannu. Ya dubi allon, bakinsa ya buɗe. Ya daɗe yana kallo kafin ya lura da abin da ke faruwa a ƙasansa.

"Goggo? Jam na? Lafiya dai? Me Manga ya yi miki?"

"Ni bai yi min komai ba. Mutumin da ke kwance ya yi wa sata."

Manga ya samu ya sauko ta ɗaya gefen, yana goge wando. "Ranka ya daɗe, tsufa ne. Tobias na ɗauka ya shafa min fentin farko, ciwo ya kama shi. Harafin nan nawa ne. Daga wani littafi na Turawa na samo dabarar, na gyara da kaina. Ga kwalayena a mota in kana son gani."

Ya aika aka kwaso. Ya baza su a kan bonet, ɗaya bayan ɗaya, yana bayani da Turanci-Turanci. Ya ce harafin zai hau rasit, zai hau kalanda, zai hau rigunan direbobi, duk inda aka gan shi an ga Alhaji. Ya ce kamfanin da ya yi irin wannan aiki dole sunansa ya fito a ƙasa, haka ake yi a Legas. Alhaji yana gyaɗa kai. Na ga maganar tana shigarsa.

"Goggo," ya ce a hankali, "kin san ke ba kya karatu."

"Ba na yi. Kai ma shekara nawa ka yi kafin ka koya? Ai a bayan gingimari ka koyi sunanka."

Direbobi suka kwashe da dariya, suka yi saurin haɗiyewa. Alhaji ya gyara hula.

"To me kike so?"

"Ka zo ka ga katangata."

"Katanga?"

"Katanga. Minti goma ne a mota. In ka gani ka ce ƙarya nake yi, ni da kaina zan riƙe wa Manga tsani ya rubuta sunansa har da na kakansa."

Ban san abin da ya sa ya yarda ba. Wataƙila masar da ya ci ce. Ya ce wa Abbo ya tayar da ɗaya daga cikin sababbin bas ɗin, da ma yana son jin ƙarar injin. Aka sa ni a gaba. Ni Kadijatu, mai masa, a kujerar gaba ta motar da ledarta ma ba a cire ba, tire a cinya. Direbobi da 'yan kamasho suka cika baya. Manga ya so ya bi mu a motarsa, Alhaji ya ce a'a, ya shigo nan.

Abbo ya bi ta tsakiyar kasuwa yana danna hon. Mutane suna tsayawa suna nuna jikin motar, don motocin sun riga Alhaji isowa, an riga an buga mata sunan da kwalayen nan, shuɗi a kan fari. Masu acaba suka biyo mu ba su ma san ina za mu ba. Ni kuwa duk allon da muka wuce sai in buga gilashi.

"Alhaji, dubi ƙasan wancan. Zabuwa. Ga wata a na mai hoto. Ga wata. Manga, kai ina taka? Ko kaza ba ka da ita a garin nan."

"Goggo, ki bar ni mana."

"Ai yanzu na fara."

Motar ba ta shiga lungunmu, sai a baki ta tsaya. Muka taka, jama'a na bin mu. Na kai su gaban katangar na ja gefe.

Sunan Alhaji yana nan sau tara. Na sani don Tobias ya sha ƙirga min. Na farkon yana can sama, inda tsayin mutum ke kaiwa in ya miƙa hannu. Haruffansa gajeru ne, masu ƙiba, kamar buhunan masara. Ruwan damina ya wanke shi har gansakuka ta fara bin sa. Na biyu ya ɗan yi wuya. Na uku an ja masa layi an soke. Haka suke saukowa, kowanne ya fi na samansa kyau, har na tara, wanda shi ne sak abin da ke kan allon tasha. Shi kuma yana ƙasa sosai, daidai ƙirjin mutumin da ke zaune.

Alhaji ya bi su da yatsa daga sama. Ya kankare gansakukar da farce ya duba.

"Me ya sa suke saukowa ƙasa?"

"Da yana tsaye yake yi," na ce. "Daga baya sai a kan kujera."

Manga ne ya fara magana.

"Ranka ya daɗe, kowa na iya kwaikwayo a bango."

"Wato shi ya kwaikwaye ka tun kafin ruwan farko," na ce, "sannan ya shuka gansakuka a kai?"

Hayaniyar ce ta fito da Lydia, hannunta da kumfar wanki. Da ta ga Manga da Alhaji da taron, sai ta dube ni. Na gaya mata a gaban kowa, ban rage komai ba. Ta juya ta shiga gida. Na zaci kuka ta tafi yi. Sai ga ta ta fito, Tobias na jingine a kafaɗarta, an yafa masa bargo da rana tsaka. Abbo ya ruga ya tare shi, aka zaunar da shi a bencinsa.

Ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa. Na so ya yi faɗa. Na so ya nuna Manga ya kira shi da sunan da ya dace da shi. Amma mutumin nan ko kallon Manga bai yi ba. Idonsa ya wuce mu duka ya sauka a kan motar da ke bakin lungu.

"Ta hau mota," ya ce. Yana murmushi har da haƙora. "Lydia, ka gani? Amarya ta hau mota."

Sai kuma fuskar ta canza.

"Wa ya yi na ƙasan?"

A ƙarƙashin sunan an jera garuruwan da motar za ta riƙa zuwa, ƙanana, da irin harafin nan dai.

"Ni ne," in ji Manga. "Don su dace da juna."

Tobias ya yi tari mai tsawo, Lydia na shafa masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Alhaji, Amarya ta suna ce kawai. Babba, ita kaɗai, da fili a gefenta. In ka ƙanƙanta ta, siraran wuraren nan ɓacewa suke yi, ƙahonin kuma su sarƙe da juna. Garuruwa harafi tsaye ake ba su, mai kauri ɗaya, wanda fasinja zai karanta da kaya a ka." Ya ɗaga yatsa da ƙyar. "Direba, karanta min na biyun daga nan."

Abbo ya ƙanƙance ido. Ya matsa taku biyu. "Sunkani."

"Wukari ne," in ji Manga, kafin ya tuna ya yi shiru.

'Yan kamasho suka fashe. Ɗaya ya ce ashe gobe mai zuwa Wukari a Sunkani zai kwana. Alhaji bai yi dariya ba. Ya dubi Manga, ya daɗe yana dubansa.

"Littafin Turawan bai faɗi wannan ba?"

Manga ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota.

"Baba Tobias," in ji Alhaji, ya durƙusa a gaban bencin da shaddarsa, "me kake so a yi?"

"A gyara garuruwan. Akwai kwalin harafi tsaye a ƙarƙashin gadona."

"Shi ke nan?"

"Ba shi ke nan ba," na ce. "A mai da masa zabuwarsa. Yau. Da hannunsa, ba da kwali ba."

"Goggo, allon yana sama, shi kuma ba zai iya hawa tsani ba."

"To allon ya sauko. Ai ba daga sama ya faɗo ba, mutane ne suka ɗaga shi."

Alhaji ya kalle ni. Ya juya ya ce a je a kwance shi.

Bayan azahar suka kawo shi, mutum takwas, a kafaɗa, tun daga tasha, don babu motar da zai shiga. Rabin Turaki na biye da su. Mata sun fito ƙofar gida, masu shago sun bar shago. Aka ɗora shi a kan duro biyun nan da ya tashi a kansu. Alhaji ya sa Manga ya goge sunansa da tsumma da kananzir, da hannunsa, a gaban jama'a. Ni na tsaya a kansa ina nuna masa inda ya rage.

"Ga wani ɗigo can. Goge. Ai da kana rubutawa ba ka gaji ba."

Aka shafa shuɗi, aka jira ya sha iska. Na soya masa na raba wa waɗanda suka ɗauko allon, don murna ta hana ni zama. Lydia ta kawo ƙaramin burushinsa, wanda ya haɗa da kansa da gashin wutsiyar saniya. Aka matso da bencin. Manga ne ya riƙe gwangwanin, Alhaji ne ya sa shi.

Tobias ya tsoma, ya ɗaga hannu, hannun ya kama rawa. Ya sauke. Ya sake ɗagawa, baƙin fenti ya ɗiga a bargo.

"Goggo," ya ce, "riƙe min gwiwar hannu. Kada ka tura. Riƙewa kawai."

Na durƙusa na tallafe. Ba nauyi ko kaɗan, kamar na ɗauki kara. Amma da burushin ya taɓa allon sai rawar ta tsaya. Ja ɗaya ya yi bayan, ja ɗaya ƙirjin, ya ɗaga ya sa ɗan kan da baki, ya ja ƙafafu biyu. Zabuwa ta tsaya tana kallon hagu, kamar an kira ta.

Wata mata a baya ta rangaɗa guɗa. Abbo ya ruga bakin lungu ya danna hon.

Tobias ya jingina da Lydia, idonsa a rufe, yana haki. "Saura ɗigon. Ba zan iya ba. Goggo, karyo tsinken tsintsiya."

"Ni? Ban taɓa riƙe alƙalami ba."

"Ba alƙalami ba ne. Tsoma, ɗiga. Kamar zuba ƙullu a tanda."

Na karyo. Aka buɗe farin fenti. Na ɗiga goma sha huɗu. Ɗaya ya fi sauran girma, a wajen wuya. Ya buɗe ido ya duba.

"Wannan zabuwar ta ci masa da yawa," ya ce.

"Rufe min baki."

Washegari aka buɗe tasha da kiɗa da masu algaita. An gyara garuruwan da harafi tsaye, daga tsallaken titi Abbo ya karanta min su duka. Alhaji ya sa an yanka zabuwar a kwali an buga ta a bayan kowace mota, da kan rasit. Tobias bai je ba. Ni na je na dawo na ba shi labari, na ƙara gishiri inda ya kamata. Ya tambaye ni ko an bar fili a gefen sunan a jikin kalandar. Na ce ni ina na sani. Ya ce in je in dubo. Na je na karɓo masa ɗaya, ya sa Lydia ta rataye ta inda yake gani daga gado.

Kwana tara ya ƙara. Ranar Talata da hantsi, ina juya masa, na ji muryar Lydia ta cikin gida, ba da ƙarfi ba, tana kiran sunansa sau biyu, sau uku. Na sauke tandar daga wuta na shiga.

Motar Alhaji ce ta kai shi ƙauyensu bayan Sunkani, Abbo na tuƙi a hankali. 'Yan cocinsu suna waƙa a ciki. Manga ya zo jana'izar, ya tsaya a can baya. Ya gaishe ni, na amsa, don wurin mutuwa ne. Har yau ba ya bin lungunmu, kuma ya kyauta wa kansa.

Da ma tun kafin duk wannan na sayi farar ƙasa, tana jiƙe a bokiti, ina jiran ruwa ya ɗauke in shafe katangar. Bayan sati biyu na fito da bokitin na ajiye a gindinta. Ban san me nake nufin yi ba. Ina tsaye Lydia ta fito da tsintsiya. Ta dubi bokitin, ta dube ni.

"Goggo, kin ga na ƙarshen?"

"Na tara? Na gani."

"A'a. Na bayansa."

Ta ja ni can ƙarshen katangar, bayan tulin itacena. Ta janye itace biyu. A ƙasa sosai, inda sai mutum ya zauna a tabarma hannunsa zai kai, akwai wasu haruffa huɗu da jan fenti. Ba Amarya ba ce. Waɗannan gajeru ne, masu faɗin ƙirji, sun dasa ƙafa a ƙasa kamar ba mai iya ture su. Na farkon ya ɗaga hannu ɗaya sama. Bayan na huɗun akwai layin alli da ya ci gaba, babu komai a kansa.

"Ranar da aka sallamo shi daga asibiti ya yi," in ji Lydia. "Kina kasuwa. Ya ce in riƙe masa gwangwani. Numfashi ne ya hana shi ƙarasawa."

"Me aka rubuta?"

"Farkon sunanki ne."

Na daɗe a tsugune. Na sa yatsa na bi na farkon, daga ƙafa har hannun da ya ɗaga.

"Wannan mai kama da mai shirin faɗa?"

"Shi ne na farko."

Farar ƙasar a madafa na shafa ta. Itacen kuma na mai da shi ɗaya gefen. Na samo guntun kwano na kafa a saman wurin da ƙusa biyu, saboda ruwan Satumba. Yanzu nan nake ajiye tandata da safe. In na hura wuta, hasken yakan kama jan fentin kafin rana ta iso katangar, ga layin allin nan a gefe, ya fara dusashewa.